Saki, Idda da Riƙon 'Ya'ya: Doguwar Tafiyar Bazawara Zuwa Gaban Alƙali

Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da ake kira Baba ta zauna tana ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta. An haife ta a ƙauyen Karo a 1877, wato ta yi wayo Turawa ba su ci ƙasar ba tukuna. Aure huɗu ta yi. Na fari auren zumunta ne da iyaye suka ƙulla, zuciyarta kuwa tana wajen wani, don haka ta yi 'yan shekaru ta fita. Littafin da aka buga da sunanta a 1954 cike yake da mata irinta: wannan ta yi yaji, waccan an yi bikonta, wata ta kai ƙara an raba, ta gama idda ta auri wani. Baba tana faɗin waɗannan abubuwa ne kamar yadda take faɗin zuwan damina. Mijin Mary, M. G. Smith, wanda ke nazarin tattalin arzikin Zazzau a lokacin, shi ma ya lura cewa mace ta yi aure biyu ko uku a rayuwarta ba abin ɗaga gira ba ne.

Masu cewa mutuwar aure cutar zamani ce da fim da wayar hannu suka kawo, ya kamata su karanta Baba. Sai dai akwai abu guda da ya sauƙaƙa mata fita duk lokacin da ta so: Allah bai ba ta haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta yi. Matar da ta haihu, rabuwarta wata shari'a ce daban, kuma a kanta ne mafi yawan rikicin yake tun da can.

Tsarin da aka gada bai raba wahalar daidai ba. Igiyar aure uku tana hannun miji, kuma ba ya bukatar alƙali kafin ya tsinke ta. Furuci ya isa, ko 'yar takarda da zai miƙa wa yaro ya kai ɗaka. Mace kuwa idan ita ce zama ya ishe ta, hanyarta mai tsawo ce. Za ta fara da yaji, ta tafi gidan iyaye. A zo biko, manya su zauna, a ba ta haƙuri, ta koma. Ta sake fita. Sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan waliyyinta, ko ita da kanta, ta doshi zauren alƙali. Shi ya sa tun da aka fara rubuta shari'o'i a ƙasar nan, a maganar aure yawanci mace ce mai ƙara, namiji ne wanda ake aika wa sammaci.

Shi kansa zauren ya daɗe. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso daga Mali da addini a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Maghili ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarki, har da zaman sauraron ƙararraki. Mazhabar Imam Malik ce ta kafu, da littattafanta da har yau ake karantawa a zaure: Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, da Muhtasar na Khalil na Masar, wanda almajirai ke kiran kashinsa biyu Lauwali da Sani, da Tuhfa ta Ibn Asim alƙalin Garnaɗa a Andalus, wadda aka tsara a waƙe musamman don alƙalai. Malamin da ya sauke waɗannan ya san hukuncin saki ciki da bai.

Wanda ya buɗe su a yau zai yi mamakin yawan abin da suka ba matar da aka saka. Idan sakin kome ne, wato ɗaya ko biyu, iddarta tsarki uku ce, kuma a ɗakinta za ta yi ta, ci da sha da sutura duk a wuyan miji. Idan ɗayansu ya rasu kafin ta gama, ɗayan zai gāje shi. Idan sakin ya yanke, tana da wurin kwana har ta gama idda, mai ciki kuma tana da ciyarwa har ta haihu, in tana shayarwa ta nemi ladan shayarwa. Mutumin da ya saki matarsa yana kwance cikin ciwon ajali, wataƙila don ya hana ta gado, Malikiyya ta ce za ta gāje shi ko da ta gama idda, kai ko da ta auri wani. Akwai kuma kyautar sallama, mutu'a, wadda ake so mai saki ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, amma a wannan mazhaba alƙali ba ya tilasta ta, abin da ya sa da yawa daga cikin maza ba su ma taɓa jin sunanta ba.

Al'ada ta bi wata hanya. A ƙasar Hausa takarda na shiga hannu ake ɗaure kaya. Mace ta ga ci gaba da zama a gidan wanda ya ce ba ya yi zubar da mutunci ne, iyayenta ma haka suke gani, kishiya kuma ba za ta bar ta ta sha ruwa da daɗi ba. Sai ta tafi gidan ubanta ta yi iddar a can, a kan hatsin uban, miji ya tsira da wata uku na ciyarwa ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Malamai sun yi ƙarni suna wa'azi a kan wannan, ba a fasa ba.

Saɓanin ya fi tsanani a kan 'ya'ya. A cikin mazhabobi huɗu, Malikiyya ce ta fi tsawaita wa uwa riƙo: ɗa namiji yana hannunta har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure ta tare. Uba shi ne waliyyi, shi ke ciyarwa da tufatarwa da kula da karatu, amma yaro a ɗakin uwa zai kwana. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin riƙon ya fita hannunta, sai dai ba uban yake faɗa wa ba. Kakar yaron ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwar, sai an bi layin matan dangin uwa an ƙare kafin a zo kansa. Babbar ƙofar da aka bar wa uba ita ce idan zai yi ƙaura ta zama zuwa gari mai nisa. Wannan shi ne rubutacce. Abin da ake yi kuwa, Bahaushe ya ce ɗa na uba ne. Mai goyo za ta tafi da jaririnta, ranar da aka yaye shi wajen shekara biyu a aiko a karɓa, a damƙa wa kaka ko gwaggo, ko matar uba. Yaron da ya bi uwarsa gidan sabon miji, agola, sunan da kansa gori ne a bakin yara. Mata da yawa sun miƙa 'ya'yansu suna kuka ba don alƙali ya ce su miƙa ba, don dai ba wanda ya taɓa gaya musu cewa littafin da ke gaban alƙalin yana bayansu. Wasu kuma sun sani sarai, amma sun san idan suka riƙe yaron uban zai janye hannu daga ciyarwa, kuma manemi ba ya son bazawara mai 'ya'ya uku a gindi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ga wannan jahilci tun kafin jihadin 1804. A cikin Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin addininsu ba, a cikin Kitabul Farƙi kuma ya lissafa cin hanci a shari'a cikin laifuffukan sarakunan da ya yaƙa. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkami don jagorantar masu hukunci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, malamai mata da ake kira jaji suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata da waƙoƙi. Daular ta naɗa alƙalai a manyan birane. Amma matar da ke ƙauye mai tafiyar kwana uku daga birni, dagaci da limami da dattawan dangi su ne kotunta, su kuma al'ada suka fi sani.

Abin ban mamaki, Turawa ne suka kawo alƙali kusa da ita. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya bar kotunan alƙalai yadda ya same su, ya hana yanke hannu da makamantansa, ya sa razdan ya riƙa duba hukunci, amma bai taɓa aure da saki da gado ba. Aka umarci hakimai su bar birni su koma gundumominsu, aka kafa kotuna a can, aka sa wa alƙalai albashi, kuɗin ƙara suka koma baitulmali, aka kuma tilasta rubuta kowace shari'a. Daga nan ne masu tarihi suka sami abin karantawa, kamar shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994. Littattafan kotunan gundumomi kuwa, maganar aure ce ta fi cika su.

A waɗannan shekaru maganar aure ta cakuɗe da ta bauta. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar ɗungurungum ba sai 1936. A tsakani, kuyangi sun yi ta gudu, kuma jami'an mulkin mallaka ba sa son ganin mace ba ta ƙarƙashin kowa, don haka hanyar da aka fi buɗe mata ita ce wani namiji ya zo gaban alƙali ya biya fansarta ya aure ta. Mutum ya biya wani mutum kuɗi, mace ta tashi daga wannan gida ta koma wancan, alƙali ya rubuta.

Wanda ya san wannan zai gane abin da ya faru da hul'i. A fiƙihu, hul'i shi ne mace ta fanshi kanta da wani abu da suka daidaita a kai, galibi sadakin da aka ba ta. Sadaki kuwa a ƙasar Hausa bai cika yawa ba, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma iyaye da dama sun fi son kaɗan don neman albarka. Kuɗin gaske yana cikin abin da ke kewaye da shi: toshi, na-gani-ina-so, gaisuwar uwa da uba, lefe, kayan sa rana, goron salla. Ranar da mace ta ce ta gaji, sai miji ya zo kotu da lissafi tun daga ranar da ya fara zuwa zance. Ya tuna turmin atamfa, ya tuna ragon da ya kai wa suruki, ya tuna noman da ya yi a gonarsa. Alƙali ya zauna yana tantance abin da yake sadaki da abin da yake kyauta wadda an ci an shanye. Idan aka yanke adadi, ita matar ba ta da shi, ubanta ma sau da yawa ba shi da shi. Sai a jira manemi. Shi zai biya tsohon miji, ta gama idda a ɗaura. Ta haka mace takan fita daga aure da bashin wani auren a kanta, kuma ba lalle wanda ya biya ɗin shi ne wanda take so ba. Akwai mazan da suka mai da wannan sana'a: ba za su furta saki ba, sai su ƙuntata wa mace har ta nemi fita da kanta, su karɓi kuɗi su ƙara aure da su. Wani ma sai ya sa sharaɗin ta bar masa 'ya'ya.

Malikiyya ta san irin wannan miji tun kafin a haife shi. Ita ce mazhabar da ta fi buɗe wa mace ƙofar alƙali ya raba aure ba tare da ta biya ko anini ba: idan ana cutar da ita da duka ko zagi, idan miji ya kasa ciyarwa, idan ya yi rantsuwar ƙaurace mata ya wuce wata huɗu, idan ba ya iya kusantarta aka ba shi shekara bai warke ba, idan ya ɓace aka neme shi aka rasa ta jira shekara huɗu. Idan rigima ta ƙi ƙarewa ba a san mai laifi ba, a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kuma suna da ikon raba auren ko miji bai so ba. Har ma an ce matar da ta biya hul'i, daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta sa ta biya, a mayar mata da kuɗinta, sakin kuma ya tabbata. Don an san duka a ɗaka ake yin sa, an yarda da shaidar ji, wato maƙwabta su ce abin ya yaɗu a unguwa. Matsalar ita ce kawo shaidu yana cin lokaci, maƙwabci ba ya son ya tsaya gaban alƙali a kan maƙwabcinsa, alƙali kuma yana da layi a waje. Hul'i ya fi sauri. Mata da yawa da suka cancanci fita kyauta sun biya don su huta.

Abin da mace ke fita da shi ba gardama shi ne kayan ɗakinta. A nan littafi da al'ada sun yi daidai: dukiyar miji daban, ta mata daban. Gado da katifa da jeren tasoshi, daga baya kwalla da samira da tangaran, nata ne, iyayenta suka yi mata, kuma Tuhfa ta ce idan aka yi jayayya kan kayan gida, abin da aka san na mata ne a ba ta bayan rantsuwa. Shi ya sa uwa take shekaru tana adashi tana tara wa 'yarta kwanuka, domin su ne ajiyar da za a sayar ranar da ta ɓaci. Amma rabuwar dukiya tana da ɗaya fuskar. Matar da ta yi shekara ashirin tana ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula, ta sa kuɗinta aka rufa ɗaki da kwano, aka biya kuɗin makaranta, gidan sunan miji yake ɗauke da shi. In ba ta da shaidar cewa rance ta ba shi ko tarayya suka yi, ta tafi da kwanukanta kawai.

Tsakanin aure da aure akwai zawarci, kuma ba kowace bazawara ce ke da gidan uban da zai ɗauke ta ba. Wasu sun bi jirgin ƙasa da motar goro, suka sauka gidan magajiya a wani gari. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda matan Hausawa a can suke fita daga aure su shiga zaman kansu, su tara abin hannu, su sake komawa aure.

Kotunan dai sun yi ta canza riga. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta haifi kundin hukunta laifuffuka da ya fara aiki a 1960. Daga nan fiƙihu ya fita daga shari'ar laifi, aure da saki da riƙo da gado suka zama babban filinsa, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, inda Shehu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962. Sojoji suka zo suka rushe kotunan sarakuna, suka ƙwace na alƙalai daga hannun En'e, aka koma kotunan yanki a 1968. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 277, ya sake jaddada cewa waɗannan batutuwa na iyali su ne hurumin kotun ɗaukaka ƙarar. A duk wannan sauyi ba wanda ya zauna ya rubuta dokar iyali cikin sassa masu lamba, da Hausa, yadda mace za ta sa ɗanta ya karanta mata. Hukuncin yana nan cikin Larabcin Khalil, mai tsauri ko ga malamai.

A gefe guda akwai wata doka da ke aiki a gari ɗaya. Wanda ya yi auren rajista, kamar yadda Kiristocin Hausawa da mazauna Sabon Gari da yawa suke yi, dokar 1970 ce ke kansa. Babbar Kotu kaɗai ke raba irin wannan aure, sai an nuna ya lalace ba gyara, alƙali kuma yana iya raba dukiya ya ba da riƙon yara ga wanda ya ga ya fi musu amfani. Shari'ar takan ɗauki shekaru da kuɗin lauya. Maƙwabcinsa Musulmi kuwa ya gama nasa kafin shayi ya huce.

Saurin nan shi ya haifi wata tsohuwar matsala. Mutum cikin fushi ya ce saki uku a numfashi ɗaya, gari ya waye yana nadama. A Malikiyya ukun sun auku, ba kome sai ta auri wani. Daga nan auren kashe wuta ya samo kasuwa, duk da mazhabar ta ce ɓatacce ne kuma ba ya halatta ta ga na farko. Masar ta yanke tun 1929 cewa uku a furuci ɗaya ɗaya ne, bisa ra'ayin Ibn Taimiyya. A Arewa ra'ayin ya yaɗu ta bakin wasu malamai a 'yan shekarun nan, har ta kai mai nadama yakan zaɓi malamin da zai tambaya gwargwadon amsar da yake so. Yanzu kuma ga sakin saƙon waya, wanda miji kan ce ba shi ya rubuta ba.

A hayin iyaka, Faransawa sun bar wa Nijar wani gado. Dokokinsu na 1939 da 1951 sun nemi sa yardar amarya da rage tsadar aure, ba su yi tasiri sosai a karkara ba. Dokar 1962 ta ce a maganar iyali kotun gwamnati ta bi al'adar masu shari'a, alƙalin da ya yi karatun boko ya zauna da masu ba shi shawara kan al'ada, waɗanda galibi malamai ne. Barbara Cooper ta bi tarihin aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta nuna mata suna auna inda za su kai kuka, fada ko malami ko kotu. An yi yunƙurin kafa dokar iyali a farkon shekarun 1990, aka sake a 2011, duka biyun ƙungiyoyin addini suka taso aka janye. A Gana kuwa, tun 1907 doka ta ce a yi rajistar auren Musulmi cikin mako guda. Mutanen zango kaɗan ne suka bi, sai ranar rabuwa ko rabon gado mace ta ji kotu na tambayar takardar da ba a taɓa yi ba.

Marubuta mata na Kano sun riga 'yan majalisa magana. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, labarin Rabi ne, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kora da tarin 'ya'ya don ya faranta wa amarya, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Matan da suka karanta shi ba su ɗauke shi ƙagagge ba.

Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi, mata da yawa sun yi murna, suna zaton ranar karɓar haƙƙin idda da ciyar da 'ya'ya ta zo. Shari'o'in da suka fi yin amo sai suka zama na zawarawa biyu da ciki ya bayyana gare su. Safiya Husaini ta Tungar Tudu an yanke mata jifa a 2001, Amina Lawal ta Kurami a 2002, mazan da suka ambata kuwa suka musanta aka sallame su. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta wanke Safiya a Maris na 2002, ta Katsina ta wanke Amina ranar 25 ga Satumba 2003. Cikin hujjojin da lauyoyi suka kafa har da wata tsohuwar mas'alar Malikiyya da kowace ungozoma ta sani da sunan kwantaccen ciki: ciki yana iya kwanciya shekara huɗu ko biyar, don haka abin da bazawara ta haifa cikin wannan wa'adi ana iya danganta shi ga tsohon mijinta. Likita zai yi murmushi. Amma malaman da suka rubuta ta suna kare nasabar yaro ne da ran uwarsa, kuma a Katsina ta yi aikin da aka rubuta ta dominsa.

A Kano, Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 ta zama zauren farko da mata ke zuwa, domin ba kuɗin ƙara, ba lauya, kuma a kan kira miji a yi sulhu a rubuta abin da zai riƙa bayarwa. Ikonta na tilastawa kaɗan ne. Idan ya daina kawowa sai kotu, idan kotu ta yanke adadin wata-wata, tsadar kaya ta cinye shi kafin shekara, mai sana'ar hannu kuma ba albashin da za a cira. A Janairun 2009 Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fitowar zawarawa kan titunan Kano, Hisba ta hana. Bayan shekara uku gwamnatin Kwankwaso ta ɗauki matsalar ta wata fuska, ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100 a 2012, gwamnati ta biya sadaki ta yi kayan ɗaki. A Oktoban 2023 an aurar da ma'aurata 1,800 a rana ɗaya.

A Fabrairun 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa malamai da masana shari'a suna shirya daftarin dokar iyali, mai magana kan aure da saki da ciyarwa, da kuma mutumin da ke ƙara mata alhali bai iya riƙe ta farko ba. Aka yi ca a kansa, kuma har aka sauke shi a Maris na 2020 daftarin bai zama doka ba. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta riga ta yi nata a 2004: miji ba ya saki sai da izinin kotu, bayan an gwada sulhu, kuma sai ya ajiye kuɗin haƙƙin matar da na 'ya'ya a asusun kotun cikin kwana 30. Abin da ya fi kama da haka a Kano shi ne alkawarin da ake sa angwayen auren gwamnati su ɗauka, cewa ba za su saki matan ba sai sun koma gaban Hisba, kuma wannan sharaɗi bai hau kan kowa ba sai waɗanda gwamnati ta biya wa sadaki.